Yadda Nake Tsara Amsa a Jarrabawa

Mu 'yan ajin ƙarshe ba mu da zance yanzu sai na jarrabawar WAEC da NECO. Kowa ya duƙufa ga karatu, amma na lura sani daban, iya shimfiɗa shi a takarda daban. Mai duba takarda bai san gumin da mahaifina ya yi a gonar masara kafin ya saya mini littattafai ba. Abin da na rubuta kaɗai zai gani.

A ce a jarrabawar insha'i an tambaye ni amfanin rediyo ga mutanen karkara. Ba na gaggawar rubutu, domin sauri ya haifi nawa. Sai in ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyu, wato amfani da karkara, don kada in ɓuge da ba da tarihi zalla. Daga nan in jera dalilaina a gefe: labarai, wa'azi, shirin manoma da na kiwon lafiya.

Gabatarwa layi uku ta isa. A nan zan ambaci cewa Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Sa'an nan kowane dalili in ba shi sakin layinsa, kamar yadda manomi ba ya zuba masara da dawa da auduga a rami guda. Kowane dalili kuma in tokare shi da misali. A watan Satumba na 2021, da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda rashin tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, akwatin rediyo ne ya riƙa kawo mana labarin duniya. Misalin ya faɗi abin da ya faru, da wuri, da lokaci, da dalili, yadda ɗan jarida yake yi.

A kammalawa ba na kawo sabon zance, sai dai in ɗaure abin da na faɗa. In kuma rage minti biyar na sake dubawa.

'Yan'uwana, mu riƙa gwada wannan tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu sa'a, amin.