Na'urar Da Take Sauraren Kanta

Jama'a, kowa ya san yadda lasifika takan ɓata muryar mai magana har ta yi kaushi. Tun ina ƙarami abin yana damuna, sai a ajin kimiyya na nan kwalejinmu na gane dalili.

Amfilifaya, watau na'urar ƙara ƙarfin murya, ba ta faɗin gaskiya tsantsa. In an ba ta sauti mai kaɗawa sau 1,000 a sakan guda, takan fitar da shi tare da waɗansu baƙin sautuka masu kaɗawa sau 2,000 da 3,000. Su ne ke kawo kaushin.

A 1927 wani injiniyan kamfanin tarho na Bell a Amurka, Harold Black, ya sami maganin abin yana cikin jirgin fito a kogin Hudson. Dabararsa ita ce a ɗebi kaɗan daga abin da na'urar ta fitar, a komar da shi baya a cire daga abin da ke shiga. Ta haka kuskuren zai ci kansa. Amma fa ba kyauta ba ne, gama da ƙarfi ake biya.

Ku duba ƙaramar amfilifaya mai lamba 741, wadda ta fito a 1968. A kaɗawa 1,000 tana iya ninka sauti kamar sau 1,000. In muka ɗaure ta a ninki 10 kaɗai, rarar da ta saura za ta rage baƙin sautukan kamar sau 100. A kaɗawa 10,000 kuwa ƙarfinta bai wuce 100 ba, saboda haka ragin sau 10 ne kurum. Shi ya sa siririn sauti ya fi saurin lalacewa. In kuma aka matsa mata fiye da wutar da batir ke bayarwa, ba dabarar da za ta cece ta.

Wannan ya sa ni tunani a kan aikinmu. Na lura a koyarwar gwaji, ranar da na rage yawan magana na tambayi yara abin da suka ji, darasi yakan gajarta, amma yakan shiga daidai. Sai dai malamin da saninsa bai wuce na littafin aji ba, ba shi da rarar da zai yi gyara da ita. 'Yan'uwana, mu ƙara karatu, sa'an nan mu kasa kunne, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.