Lambar da Ta Koya Mini Jinkirta Hukunci

Akwai wata lamba da na haddace kamar sunana: 4,294,967,297. Mara ce, ba cika ba. Uku ba ta raba ta, biyar ba ta raba ta, bakwai ma haka. Duk wanda ya gwada ƙananan lambobi har ya gaji zai rantse tana cikin lambobin nan masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya ko su kansu.

Asalinta wani jeri ne mai sauƙi. Fara da 3. Cire ɗaya, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da ɗayan: ka sami 5. Maimaita, ka sami 17, sai 257, sai 65,537. Duka biyar ɗin ba sa rabuwa. A shekarar 1640, Pierre de Fermat, masanin shari'a Bafaranshe mai tsananin son lissafi, ya bayyana yaƙininsa cewa haka jerin zai tafi har abada. Ta shida kuwa ita ce lambata.

Shekara 92 maganar tana tsaye, sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a Rasha, ya nuna cewa lambar tana rabuwa: 641 sau 6,700,417. Kuma ba lalube ake yi a nan ba. Euler ya tabbatar cewa duk lambar da za ta raba ta dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya, kuma 641 shi ne 64 sau goma da ɗaya. Har yau ba a sake samun mara rabuwa ko guda a jerin ba bayan 65,537.

Abin da ya sa labarin nan ke taɓa zuciyata, ni ma an taɓa yanke mini hukunci da hujjar abin da ya yi ta maimaituwa. Ina firamare, jarrabawa bayan jarrabawa ina faɗuwa a lissafi, har gida da makaranta suka yarda cewa kaina ba ya ja. Ba ƙarya suka yi mini ba, ga sakamakon a takarda. Wata malama ce ta lura cewa tambayar baka ba ta kayar da ni, sai abin da aka rubuta a allo. Ta dawo da ni bencin gaba, ta aika wa mahaifina a kai ni a duba idona. Tabarau kawai nake buƙata.

Yau ni ke riƙe da alli, kuma darasi biyu nake tafe da su. Na farko, yawan maimaituwar abu bai mayar da shi doka ba. In har gwani irin Fermat zai dogara da misali biyar ya zame, ni wa? Na biyu, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta gano gaskiya, sai an san inda za a duba.

Shi ya sa idan aka ce mini yaro wane daƙiƙi ne, nakan nemi littafinsa, in bi aikinsa layi-layi har in ga daidai inda yake tuntuɓe. Sau da yawa wuri ɗaya ne, kuma yana gyaruwa. Malamai da iyaye, don Allah mu riƙa yin wannan binciken kafin mu laƙaba wa yaro sunan da zai bi shi har girma.