Tiwanaku, Birnin da Ya Gagari Sanyi

Daga La Paz ta ƙasar Bolibiya, tafiyar kusan kilomita 70 ce zuwa kufan Tiwanaku, daura da Tafkin Titikaka. Tudun ya kai mita 3,850, har baƙo kan yi haki, ga sanyin dare mai ratsa ƙashi. Nan za ka ga Ƙofar Rana, wadda aka sassaƙa daga dutse guda.

To, me ya ciyar da birnin daga shekarar 500 zuwa 1000 Miladiyya? Masu tonon kayan tarihi sun gano manyan kunyoyi da ruwa kwance tsakaninsu. Ruwan kan sha rana, da dare ya ɗumama shukar dankali, sanyi bai kashe ta ba. Da abinci ya wadata, sai aka samu magina, masassaƙa da masu mulki.