Karen Bana Shi Ke Maganin Zomon Bana

Tun ina ɗan shekara bakwai nake tsoron kare. Wani baƙin kare ne ya cije ni a ƙafa a unguwarmu da ke Legas, har yau tabon yana nan. Saboda haka, ranar da malaminmu ya rubuta wannan karin magana a allo, na haddace ta ne kawai don jarrabawa, kamar yadda mu da ba mu tashi da Hausa ba muka saba yi. Sai daga baya na fahimce ta, kuma mahaifina ne sanadi.

Baba direban tirela ne. Ya fi shekara ashirin yana jan kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. A kulle ake ba shi ita, da hatimi a ƙofa, sai takardar bayanin kaya. Ba shi da ikon buɗewa. A watan Janairun 2021, jami'an kwastan suka kama wata kwantena a Apapa da za a kai ƙasar Biyetnam, an ɓoye hauren giwa da ɓawon jikin dankunya a cikin katako. Dankunya ita ce dabbar nan mai naɗe jikinta idan ta ji tsoro. A daren da labarin ya fito Baba ya kasa cin abinci. Ya dube ni ya ce, "Da ni na ja wannan kwantenar, wa zai yarda ban san abin da ke ciki ba?"

Wannan tambaya ce ta sa na shiga bincike. Na gano cewa tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba, dabara kawai suke canzawa. A Janairun 2019 an kama fiye da tan 2 na haure da tan 8 na ɓawon dankunya a Hong Kong. Daga Nijeriya kayan suka taso, a takarda kuwa an rubuta naman shanu ne. To, takarda tana ƙarya, ido kuma ana iya ruɗinsa. Hancin kare fa?

A ƙasar Kenya, hukumar kula da namun daji tana aiki da karnuka masu sansano haure a filin jirgin saman Jomo Kenyatta da ke Nairobi da kuma tashar ruwa ta Mombasa. Yadda ake horar da su ya ba ni mamaki. Ana haɗa wa kare warin haure da wasan ƙwallo, har ya gane cewa duk inda ya ji warin, lada na biye. Idan ya ji shi a jikin akwati, sai ya tsaya cak ko ya zauna, mai kula da shi ya buɗe. A Mombasa har an gwada wata hikima a 2018: a zuƙo iskar cikin kwantena ta bi ta wani ƙyalle, a kai wa kare ya sansana, ba tare da an karya hatimi ba. Kare ba ya karanta takarda, ba ya kuma karɓar na goro.

Abin da ya ƙara damuna shi ne giwayen kansu. Ƙidayar da aka fitar a 2016 ta nuna giwayen dajin Afirka sun ragu da kashi 30 cikin ɗari daga 2007 zuwa 2014. A nan Nijeriya 'yan ɗaruruwa suka rage, wasunsu a gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka ƙwace, a Abuja. Kowane haure a wannan tarin, ai ran giwa ne ya tafi.

'Yan'uwana ɗalibai, ba zan ɓoye muku ba, har gobe ina tsallaka titi in na hango kare. Amma burina shi ne a ce kowace kwantena da Baba zai ja, sai kare ya sansana ta kafin ta bar wurin lodi. Da na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce, "Kai da kare ya ciza ne kake nema mini kare?" Na ce, "E, Baba, zomon bana ya yi wayo da yawa."

Allah ya tsare mana iyayenmu a kan hanya, ya kuma bar mana giwayenmu. Amin.