Yatsan da ya hana zubi

Mu ne ƴan asusu na nan Tajaye, kuma wannan karon ba lissafin akwati muka kawo muku ba, maganar yatsa ce.

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ake koya mana shi ne mu tsare jari: kada a ci shi, kada a ba da bashi babu shaida, kada makulli ya kwana hannun mutum ɗaya. Duk mun riƙe. Amma bara da rani muka gane akwai jarin da ba mu taɓa rubutawa a littafi ba.

Kun san yadda ake yi in an cire albasa wajen watan Maris da Afrilu. Ta cika Galmi, ta cika Ƙonni, kuɗinta ya faɗi, ƙananan da masu rauni kuwa ba mai ɗaukarsu zuwa nesa. Sai mu saya da araha mu yanka mu shanya, wasu su yi gabu. Wata ƴar ƙungiyarmu, mace mai zafin nama wadda ba ta taɓa latti da zubi ba, ta ɗauki bashi ta sayi buhu biyu, ta haɗa da abin yankan nan na kanti, na roba mai reza a tsakiya, wanda ake goga albasa a kansa. Yana da sauri, wannan gaskiya ne. Yana zuwa da wani mariƙi mai haƙora da ake soka albasar a ciki, amma ta ajiye shi, wai yana rage mata hanzari. Da magariba, ido yana ruwa, yaro yana kuka a baya, albasa ta ƙare a hannunta ba ta sani ba. Rezar ta ɗebe kan yatsanta.

Da muka je dubiya sai ta ce, "Ba komi, ɗan yanka na." Ta riga ta zuba toka ta ɗaure da tsumma. Kwana huɗu yatsa ya kumbura, ya yi ruwa, barci ya gagara. Sai da aka kai ta likita. Wata guda ba daka, ba wanki, ba ɗiban ruwa, albasar da ta rage kuma ta ruɓe a ɗaki. Daga akwatin taimako muka fitar da kuɗin magani, muka ɗage mata biyan bashin. Har yau ba ta jin kan yatsan sosai in tana tsintar zoɓo.

Ranar taro muka ce kowa ta buɗe tafin hannunta. Daga tsohuwa har amarya, da wuya a samu babban yatsan da ba shi da tabo. Dalili kuwa mun san shi: haka iyayenmu suka koya mana, kuɓewa a hagu, wuƙa a dama, bakin wuƙa yana tahowa kan babban yatsa. Na miyar dare, kuɓewa biyar ko shida, ba mu ce komi ba. Amma tasa guda ta shanya ba aikin tafin hannu ba ne.

Abin da ya fi ba mu gardama shi ne zancen kaifi. Yawancinmu muna ganin dakusasshiyar wuƙa ta fi aminci. Ashe ita ce muguwar: sai an danna da ƙarfi, ta zame a kan fatar tumatir ko ɓawon albasa, ta sauka inda ba a aike ta ba. Mai kaifi tana shiga inda aka sa ta. Yanzu masu yankan sayarwa a cikinmu sun koma kan katako, suna raba albasa biyu su kifa ta don kada ta mirgina, su lanƙwashe yatsu ciki kamar kaza ta tsaya a kan reshe. Mai abin goga ba ta taɓa shi sai da mariƙinsa, guntun ƙarshe kuma a jefa shi tukunya, ba asara ba ce. Kuma da rana, don Allah. Fitilar waya a baki ba haske ba ne.

In tsautsayi ya zo, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta kamar minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba, hannu a sama. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da kananzir. Ƙwayar tetanos cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, shi ya sa ya kamata kowa ta nemo katinta na awo ta ga allura nawa aka yi mata. Cikakku 5 ne. In jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya ƙi lanƙwashewa, ko ya mutu ba a jin sa, ranar za a tafi likita, ba gobe ba, don ɗinki ba ya son jira.

Mun yi magana da maƙerin unguwa, zai zo taron mako mai zuwa da dutsensa. Kowa ta naɗo wuƙarta cikin tsumma, kada a ba yara su ɗauko.