Kwantena Ce Ta Kai Mu Kribi a Jajibirin Sabuwar Shekara

Ba shaƙatawa ce ta kai ni Kribi ba, kaya ne. Mu huɗu muka haɗa kwantena guda daga Guangzhou, takalman yara da jakunkunan makaranta, muna sa ran ta iso farkon Disamba mu ci kasuwar Kirsimeti. Jirgi ya makara, kasuwa ta wuce mu. Da aka ce kaya sun sauka, na ce zuwa da kai ya fi aike. Ranar 30 ga wata da asuba na hau mota daga Duwala, da 'yar jakata da takardu, niyyata in kwana ɗaya in juyo.

Tafiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 170 ce. Za ka bi ta Edea, ka haye kogin Sanaga, sannan ka karkata kudu, gonakin kwakwar manja dama da hagu har ido ya gaji. Kafin azahar ina cikin gari. Kafin la'asar kuma wanda ke bi mana takardu ya gama karya mini gwiwa: "Alhaji, sa hannu ɗaya ya rage, amma mai sa hannun sai ranar 2 ga Janairu." Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin kaya a tashar ruwa ya san abin da kwana uku ke nufi. Kwantena ba ta barci kyauta.

Na kira gida in shaida musu. Maman yara ta saurare ni har na gama ƙorafi, sannan ta ce, "To Alhaji, tunda kai ba za ka dawo ba, mu za mu zo." Na ɗauka wasa take. Na fara lissafa mata kuɗin mota na mutum huɗu, ɗaki, abinci, ga asarar da muke ciki. Ta ce, "Shekara nawa kana ce wa yaran nan in kasuwa ta lafa? Ga ta nan ta lafa." Ban sami amsa ba. Shago dai ƙanena na ciki, makaranta kuma ana hutu.

Masauki shi ne matsalar farko, kuma ina faɗa wa duk mai niyya tun yanzu: ƙarshen Disamba Kribi cike take. Mutanen Yawunde da Duwala duk nan suke tuɗaɗowa, ga Turawa, ga 'yan ƙasa da suka dawo hutu daga Faransa. Otal uku na shiga a bakin ruwa, biyu babu ɗaki, na ukun kuma kuɗin da ya faɗa sai da na sake tambaya ko na wata ne. Abin da ya fisshe ni tsohuwar dabarar iyayenmu ce. Na nemi mai suya, na yi masa sallama da Hausa, ya amsa. Mutumin Garwa ne. Bayan mun gaisa ya nuna mini masallaci, ya kuma haɗa ni da yaronsa a kan babur zuwa wani ƙaramin masauki a cikin unguwa, nesa kaɗan da teku. Ɗaki biyu, fanka, ruwa a bokiti. Da dai fatake fatoma suke nema in sun sauka baƙon gari. Yau mai suya ne fatoman.

Washegari da hantsi suka iso. A nan sai in ɗan yi bayani, don wanda ke Marwa ko Kano zai ce ai mutumin Duwala ya saba da teku. Ba haka ba ne. Duwala a bakin kogin Wuri take, ruwan da muke gani daga kan gada ruwan kogi ne mai launin ƙasa, sauran kuma yana bayan katangar tashar jirage. Yarana uku duk a New Bell aka haife su, amma babu wanda ya taɓa tsayawa inda ruwa ba shi da ɗaya gaɓar.

Da muka sauko kan yashi, maman yara ba ta ce komai ba sai "Subhanallahi," ta gyara mayafinta da iska ke ja. Autanmu, ɗan shekara bakwai, ya tsaya ya ƙura ido, can ya ce, "Baba, ina ƙetaren?" Yayarsa, wadda ke aji na ƙarshe a sakandare, ta ce in ya miƙe sosai ba zai taka ƙasa ba sai Brazil. Ya ce ƙarya take. Ni kaina sai da na duba a waya daga baya, ashe ita ce da gaskiya.

A daidai wannan lokacin 'yan uwanmu na arewa suna cikin hunturu, ana kwana da bargo, leɓe na tsagewa. A Kribi gumi kake yi tun safe. Zafin mai laima ne, riga na manne maka a baya, amma da iskar teku ta taso sai ka manta. Yashin fari-fari ne, itatuwan kwakwa sun sunkuyo kansa, kwale-kwalen masunta a jere. Asalin mutanen wurin Batanga da Mabi ne, kamun kifi gadonsu. A bakin kogin Kienke, wanda ya ratsa garin, akwai hasumiyar fitilar jirage da Jamusawa suka gina a 1906, tana nan tsaye da farin fenti.

Kusa da nan ne kasuwar kifi, inda kwale-kwale ke sauke kamu. Tsarin wurin ya burge ni a matsayina na ɗan kasuwa. Kai za ka zaɓi kifinka ɗanye, ka yi ciniki, sannan ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe, su ma ka biya ladansu daban. Ka yi cinikin gashin kafin kifi ya hau wuta, ba bayan ya sauka ba. Aka kawo mana shi da yaji da soyayyar agada da sandunan rogo da ake naɗewa a ganye. Musulmi a garin da ba ya da tabbacin yanka, kifi rahama ne, ba ka tambayar kowa komai. Sai dai giya tana kan kusan kowane tebur, don haka muka ja namu can ƙarshe. Muka kuma ɗanɗana jatan lande, wanda Kribi ta yi suna da shi. Babbar 'yar tawa ta sake yi mana karatu: sunan ƙasar ma daga jatan landen ya fito, don Turawan Fotugal da suka shigo bakin Wuri a ƙarni na 15 sun tarar da shi birjik, suka kira wurin kogin jatan lande da yarensu.

Rana a cikin ruwa take faɗuwa a Kribi, tunda teku na yamma. Da lokacin magariba ya yi muka shimfiɗa darduma a inda babu jama'a, sai ga shi alƙibla ta sa mun juya wa teku baya. Ina karatu ina jin rugugin igiyar ruwa a ƙeyata. Ban taɓa yin salla irin wannan ba.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake cewa a ransa, me ya haɗa Alhaji da bikin sabuwar shekarar Nasara? Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa kaina. Tamu shekarar Muharram ce, kuma ban je don in raya wani dare ba. Amma kada mu yaudari kanmu: hayar shago, takardun haraji, hutun makaranta, duk da Janairu suke tafiya. A Kamaru ma ranar 1 ga Janairu tana da wani tarihi, don ranar ce a 1960 ɓangaren da Faransa ke riƙe da shi ya sami 'yanci. Ranar da ofis ke rufe kuma yara ke gida, ita ce ranar da ɗan kasuwa ke da ita. Abin da ka yi da ita kuma, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne.

Da ƙarfe takwas aka sa jawabin shugaban ƙasa na ƙarshen shekara a talabijin ɗin wani shago, rabin mutane na saurare, rabi na rawa. Coci-coci sun cika, ana ta waƙa. Mu muka zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale muna kallon fitilu can cikin duhun teku. Wasu na jiragen mai ne, domin bututun da ya taso daga Doba a Chadi, mai tsawon kilomita 1,070, a nan ya ƙare, tun 2003 ake loda mai a cikin ruwa. Wasu kuma jiragen kaya ne masu jiran shiga tashar da ta fara aiki a 2018, wajen kilomita 35 kudu da gari. Ɗana na tsakiya, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Baba, a cikin irin waɗancan takalmanmu suke zuwa?"

Na ce eh. Sai na yi shiru. Kakana da jakuna ya yi fataucin goro, ya san kowane rafi da ya tsallaka. Mahaifina da babbar mota da jirgin ƙasan Ngaundere ya yi nasa, yana kwana a kan buhunansa. Ni kuwa shekara goma sha tara teku ke kawo mini abinci, amma abin da na sani game da ita lamba ce a kan takarda da ranar isowa da ba ta taɓa cika ba. Sai daren nan na zauna na dube ta.

Goma da rabi muka koma masauki, don wurin ya fara zama ba na iyali ba. Da sha biyu ta buga gari ya kaure da wasan wuta da ham ɗin motoci. Yara suka leƙa ta taga, ni dai barci na yi.

Da safe yaran unguwa suka tare mu da "bonane, bonane," na rabar da canjin aljihuna, muka ɗauki mota zuwa Lobe, kilomita bakwai ko takwas kudu da gari. A nan kogi ke gangarowa daga kan duwatsu ya zube kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake gani ba a duniya. Ku je da wuri. Mu mun isa kafin tara, muka shiga kwale-kwale har gindin ruwan, feshi na jiƙa mu. Zuwa azahar ba wurin sa ƙafa.

A nan ne abin da har yau nake jin sa a ƙirjina ya faru. Mun fito, ina cinikin kwakwa, maman yara na ɗaukar hoto. Igiyar ruwa ta zo ta ɗauke silifas ɗin auta, ɗaya kawai. Ya bi shi. Taku uku ko huɗu ya yi, ruwa iya gwiwarsa, sai ta biyu ta zo ta kwashe ƙafafunsa. Ihun yayarsa na ji. Kafin in juya in yar da kwakwa, wani saurayi cikin masu kwale-kwale ya riga ya faɗa, ya cafko shi ta wuyan riga. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Yaro ya sha ruwan gishiri, ya yi ta tari yana kuka, kukan ma na silifas ne. Uwar ta durƙushe a yashi ta kasa tashi.

Na ciro kuɗi, saurayin ya ƙi karɓa, sai da na matsa. Da Faransancinsa da nawa gurgu ya nuna mini abin da ban sani ba: ba zuwan ruwan ne haɗari ba, komawarsa ce, don yashin ƙarƙashin ƙafarka yake janyewa. Mu mutanen tudu ne. Wanda ya iya iyo a kogin Binuwai ma kada ya ɗauka ya iya wannan, ruwa ba sa'an kwando ba ne. In za ku kai yara, babba ɗaya ya zama ba shi da wani aiki sai kallonsu, ba waya, ba ciniki. Doguwar riga da zani kuma in sun jiƙe nauyi suke yi. Silifas da na sayar da dubunsa, shi ya kusa raba ni da ɗana.

Ranar 2 ga wata na sa su a motar Duwala da sassafe, auta da sabon takalmi da na saya a hannun wani da tsada, ni mai kwantenar takalma. Ni kuma na wuce tasha. Sa hannu ya samu da yamma, kaya suka fita ranar 4.

Da na koma gida na buɗe littafin lissafi. Mota, ɗaki, kifi, kwale-kwale, takalmi, duka jaka 146. Na daɗe riƙe da biro ban san a wane shafi zan sa su ba, tunda abokan haɗin gwiwata uku ba su ci kifin ba. Maman yara ta leƙo ta kafaɗata ta ce in buɗe sabon shafi, in bar fili a ƙasa saboda baɗi.