Kinshasa: filin da ake auna gwanayen dambe

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk inda masu son damben zamani suka zauna, a fada ko a bakin shago, gardama guda ce ba ta ƙarewa: wane ne gwanin gwanaye tun da aka fara sa safar dambe? Wanga ya ce Joe Louis, wancan ya ce Marciano, wani ya rantse da Muhammadu Ali. Akwai wuri guda a Afirka da ya cancanci a kai masa wannan shari'a, shi ne wani tsohon filin wasanni da ke birnin Kinshasa.

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin N'djili, babban titin Lumumba zai bi zuwa cikin gari, cikin cunkoson motoci da babura. Kafin ya kai bakin kogin Kwango, inda ake hango Barazabil a ƙetare, sai ya ratse zuwa gundumar Kalamu. A nan, kusa da Matonge, unguwar makaɗa da ba ta barci, filin yake. Sau uku aka yi masa suna, kowane suna da zamaninsa. Turawan Beljiyam sun buɗe shi a 1952 da sunan sarkinsu Baudouin. A 1967 Mobutu ya mai da shi Filin 20 ga Mayu, ranar da ya kafa jam'iyyarsa. Da mulkinsa ya faɗi a 1997, aka sa masa Tata Raphaël, sunan limamin Katolika da ya yi ɗawainiyar gina shi.

Abin da ya sa duniya ta san filin ya faru ne ranar 30 ga Oktoba 1974. Shekara guda bayan Mobutu ya ƙwace shaguna da gonakin baƙi ya raba wa na kusa da shi, sai ya so duniya ta san sunan Zayir. Gwamnatinsa ta tsaya aka kawo karawar kambun duniya, aka yanka wa kowane ɗan dambe dala miliyan 5. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. An sa wasan wajen ƙarfe 4 na asuba, domin ya dace da daren masu kallo a Amurka. Duk da haka mutum kusan 60.000 suka kwana a filin.

Mai riƙe da kambu, George Foreman, yana da shekara 25. Ya yi wasa 40 ba a taɓa cinsa ba, 37 daga ciki kisa ya yi. Joe Frazier da Ken Norton, mutum biyun da suka taɓa cin Ali, kowannensu turmi biyu kaɗai ya yi a gabansa. Ali kuwa shekararsa 32, kuma ya yi asarar shekara uku da rabi na ƙuruciyarsa, domin an ƙwace masa kambu a 1967 sa'ad da ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam. Ko cikin masoyansa akwai masu tsoron a ɗauke shi a makara.

Mutanen gari tun farko sun zaɓi nasu. Foreman ya sauka da irin karen da ƴan sandan mulkin mallaka suke tsorata jama'a da shi, Ali kuwa ya shiga cikin talakawa. Da Foreman ya samu rauni a gira wajen atisaye aka ɗaga wasan sama da wata guda, Ali ya zauna a N'sele, bakin kogi, yara na binsa da kirari cikin harshen Lingala duk inda ya yi.

Da aka shiga fage, Ali ya yi abin da ba a zata ba. Ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya bar Foreman yana ta zuba naushi a damtse da haƙarƙari, shi kuwa yana zolayarsa a kunne. Ƙarfi ya yi ta tsiyayewa kamar ruwa a tulu mai yoyo. Gab da ƙarshen turmi na 8 Ali ya taso daga igiya, ya jera masa naushi, ƙaton ya zube. Jim kaɗan bayan an watse, aka kece da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

To, a gaban wannan fili ne lissafin masu gardama yake nuna iyakarsa. Mai goyon Rocky Marciano yana da hujja: wasa 49, nasara 49. Mai goyon Joe Louis yana da tasa: ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, kuma a 1938 ya gama da Max Schmeling na Jamus tun turmin farko. Sugar Ray Robinson ya jera wasa 91 ba a ci shi ba, shi kansa Ali ya sallama masa a fagen gwaninta. In da ƙidaya ce kaɗai, Ali yana baya, domin sau 5 aka ci shi cikin wasa 61. Amma ba a sanin ƙarfin gatari sai an ga itacen da ya sare. Mutumin da Ali ya kayar a Kinshasa, shi ne ya dawo a 1994 yana da shekara 45 ya sake karɓar kambun duniya. Wannan dawowa ta Foreman ta ƙara wa Ali nauyi fiye da kowane kirari. Ali ya rasu a 2016, Foreman ya bi shi a 2025, kuma sun rabu suna aminai.

Filin kansa ya sha wuya bayan wannan dare. Ya yi shekaru bangonsa na tsagewa, ruwa na kwanciya a ɗakunan da ƴan damben biyu suka yi shiri, yayin da manyan wasanni suka koma Filin Shahidai. Duk da haka samari da ƴan mata sun ci gaba da koyon dambe a ƙarƙashin matattakalansa, wasu ko safar kirki ba su da ita. Da wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, waɗanda Yamai ta karɓa a 2005, suka zo Kinshasa a 2023, an yi masa gyara.

Ma'aunin Kinshasa tambaya biyu ce: da wa mutum ya kara, kuma su wa ya ɗauka a kafaɗa sa'ad da ya hau fage? Da wannan mudu, Nijar ma tana da wanda za ta ambata. Isaka Dabore ya je wasannin Olimfik sau uku, kuma a Munik, a 1972, ya ciyo tagulla a ajin kilo 63,5. Shekara 44 ita ce kaɗai lambar Olimfik ta ƙasar, har Alfaga ya samo azurfa a takwando a 2016. Dabore ya rasu a Disamba 2021. Sunansa ba ya cikin jerin da ake bugawa a Amurka, amma fadar da ta ƙare gardamar gwanaye ba ta ambace shi ba, ta tashi da bashi a wuyanta. Allah shi jiƙan mazan jiya.